Gajeriyar tafiya a ƙafa a Yankari: shaƙatawa ce ko sayen wahala da kuɗi?

Malamin Sakandare, Gombe:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in kawo muku wani abu da ya faru da mu a hutun ƙarshen shekara, domin tun da muka dawo nake juya shi a raina. Mun je gandun namun daji na Yankari da ke Jihar Bauchi ni da iyalina da mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 70. Wannan shi ne zuwana na huɗu, kuma a duk zuwan da na yi a baya abu biyu kaɗai na sani, wato a shiga motar zagaya daji a nemi giwaye, a dawo a faɗa ruwan ɗumi na Wikki. Ranar farko haka muka yi, amma jijjigar mota a kan hanyar daji ta tayar wa Inna da ciwon baya, ta ce gobe kowa ya tafi, ita tana ɗaki. Ban ji daɗin barinta ita kaɗai ba, sai na tambayi ɗaya daga cikin 'yan rakiyar wurin ko akwai inda dattijuwa za ta iya takawa a hankali ba tare da hawa dutse ba. Ya ce mu shirya, idan gari ya waye sosai zai zo ya ɗauke mu.

Inda ya fara da mu ne ya ba ni mamaki, saboda wuri ne a bakin sansanin baƙi na Wikki da na sha wucewa ta gabansa ban taɓa lura da cewa akwai hanya a nan ba. 'Yar siririyar turba ce da ƙafafun dabbobi suka fitar a cikin busasshiyar gamba, babu hawa babu gangara, ta bi ƙarƙashin itatuwa ta karkato da mu kusa da matakalar da ake sauka zuwa ruwan ɗumi. Duk tafiyar ba ta cika awa guda ba, kuma rabin lokacin a tsaye muka yi shi, domin ba mu yi taku hamsin ba Inna ta karɓe aikin daga hannun ɗan rakiya. Ta dafa wani icce mai farin jiki ta ce wa jikokinta wannan marke ne, da shi ake yi musu maganin tari suna yara. Ta nuna kirya ta ce turmin gidan mahaifinta da ita aka sassaƙa shi, kuma maƙera ba su da gawayin da ya fi nata. Ta nuna kanya, ta nuna taura, ta tsuguna da ƙyar ta nuna wa autana ramin kurkudu, ƙwaron nan mai tarkon tururuwa, a cikin yashi, ta sa shi ya jefa 'yar tururuwa ya ga yadda ƙasa ke zubewa da ita. Yaron nan shekararsa 8, a gari aka haife shi, bai taɓa jin kalmar kurkudu ba.

Ba mu ga giwa ba, amma mun ga kashinta da ya bushe, ɗan rakiya ya farfasa shi da sanda ya nuna mana zaren ciyawa da ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki. Mun ga gadu ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, mun ji cilakowa tana kuka a kanmu. Abin da nake so mu tattauna shi ne, a ganina wannan awa ɗaya ta nuna wa yarana daji fiye da awa biyu da muka yi a mota, kuma ina ganin mu Hausawa muna raina irin wannan 'yar tafiya ne saboda ba ta da wahala kuma ba ta da labarin da za a ba abokai.

Tsohon Direba, Kano:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka maka da alheri bisa kula da ita. Amma ka yi mini haƙuri, ni ban gamsu ba. Ni a ƙauye na taso, kullum sai na yi tafiyar da ta ninka taku sau biyar kafin in isa gona, da fartanya a kafaɗa, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan shaƙatawa. Yanzu a ce mutum ya zuba mai tun daga Gombe, ya karya ta Dindima, ya biya kuɗin shiga a ƙofar Mainamaji, ya ƙara tafiyar sama da kilomita 40 zuwa Wikki, ya kama ɗaki, sannan ya dawo yana murnar ya ga marke da kashin giwa? Marke da kanya ai akwai su a bayan kowane gari. Abin da ya raba Yankari da dajin garinmu shi ne giwa da ɓauna da gwanki, kuma waɗannan a mota ake ganinsu a bakin kogin Gaji. Na yi shekara da shekaru ina kai mutane can, ban taɓa jin wanda ya dawo yana labarin icce ba.

Malamin Sakandare, Gombe:

Baba, ban musa maka ba, amma ina roƙonka ka duba bayan garinku a yau ka gaya mana kirya nawa ta rage a tsaye. A wajenmu dai masu gawayi da masu itacen girki sun gama da ita, abin da ya saura sai darbejiya da turare. Markan da kake cewa yana bayan kowane gari, a bayan garin yarintarku yake.

Hajiya Mai Jikoki, Kaduna:

Ni wannan magana ta Malam ta ƙarshe ita ce ta sa na kasa yin shiru. Alhaji Direba, kai da ni sa'o'in juna ne, mun san waɗannan itatuwa ne domin mun rayu da su, amma jikokinmu a leda suke ganin taura da kanya idan an kawo daga kasuwa, wani ma ya ɗauka a kamfani ake yin su. Kwanan baya jikata ta tambaye ni wace bishiya ce ke haifar daddawa, na ce mata ɗorawa, ta ce mece ce ɗorawa. Na rasa inda zan kai ta in nuna mata.

Akwai kuma wani abu da maza ba su cika lura da shi ba. Idan aka ce za a je yawon buɗe ido, tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo su ne ake bari a ɗaki da sunan tsaron kaya, saboda an ɗauka dole sai an hau dutse ko an sha jijjiga a bayan mota kafin a ce an ga wani abu. Hanya gajeriya mai laushi ita ce kaɗai wadda kaka da jika za su jera a kanta, kuma a nan ne hira take fitowa. A cikin mota kowa ya kama ƙarfe ne yana leƙe, ga ƙarar inji, babu wanda ke jin wani. Mahaifiyar Malam ba za ta tsayar da direba don ta nuna ramin kurkudu ba.

Manomi daga yankin Alkaleri:

Na karanta duk abin da aka faɗa, kuma tunda gonata ba ta da nisa da iyakar dajin, ina ganin wajibi ne in yi gyara kafin wani ya karanta labarin Malam ya ɗauka zai iya sa takalmi ya kutsa shi kaɗai. Malam ya faɗi cewa da ɗan rakiya suka tafi, amma ya faɗa a taƙaice, alhali nan ne gaba ɗayan maganar take. Turbar da kuka bi, ku da kanku kun ce ƙafafun dabbobi ne suka fitar da ita, to masu hanya suna nan, kuma ba su san an raba wannan gefen baƙi ne wancan nasu ba.

Mu da muke maƙwabtaka da giwa mun san abin da baƙo bai sani ba. Duk girmanta ba ta da ƙarar tafiya, za ta iya tsayawa a bayan kurmi taku ashirin daga inda kake ba ka sani ba sai ta karya reshe. A lokacin da masara da dawa suka nuna, akwai dararen da ba ma barci, muna gona da wuta da gwangwanaye muna kora, domin garke ɗaya zai iya share wahalar damina guda kafin asuba. Ita kuma ɓauna, musamman tsohon namiji da ya ware daga garke, mafarautan da suka tsufa a garinmu sun fi jin tsoronsa a kan zaki. Ɗan rakiya yana duba danshin kashi ya san ko yau aka wuce ko shekaranjiya, yana lura da inda iska ke kaɗawa, yana jin kukan tsuntsu ya san an firgita shi. Wannan ba abin da mutum zai koya a waya ba ne.

Saboda haka ni ina tare da Malam a kan cewa daji a ƙafa ake saninsa, amma ina tare da Baba Direba a kan cewa ba wasa ba ne. Kada gajartar hanya ta ruɗi kowa, domin nisa ba shi ne ma'aunin hatsari ba a dajin da ke da giwa.

Ɗalibin Ilimin Gandun Daji:

Iyayena, ku ba ni dama in sa baki a matsayin ƙaramin cikinku. Faɗin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi ne a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Na kawo waɗannan shekaru ne domin su ne amsar tambayar Baba. Iccen da Inna ta dafa ya yi kusan shekara 70 gatari bai kusance shi da izini ba, shi ya sa ya kai girman da ta gane shi nan take, ta tuna da na yarintarta. A wajen iyaka kuwa da wuya a bar kirya ko kawo su kai wannan shekaru. Ke nan abin da ya raba Yankari da dajin bayan gari ba giwa kaɗai ba ce, har da tsufan itatuwansa.

Kashin giwar da ake yi wa dariya kuwa, a wurinmu darasi ne guda. Giwa ba ta narkar da duk abin da ta ci, sai ta haɗiye 'ya'yan itace a nan, ta je ta ajiye ƙwallon a wani wuri mai nisa a cikin takinsa, da saukar ruwa sai ya tsiro. Wanda yake cikin mota zai ga giwar, amma wanda ya tsuguna ne zai ga aikinta. Ban ce a bar mota ba, domin da rani, daga wajen ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi suna taruwa a kwarin Gaji, kuma babu wanda zai kai iyalinsa can a ƙafa. Abin da nake gani shi ne mota tana nuna wa mutum abin da ke cikin dajin, ƙafa kuma tana nuna masa yadda dajin yake gudana.

Shawara ɗaya ga masu niyya: ƙudan tsando yana son shuɗi da baƙi, kuma cizonsa yana ratsa riga mai shara-shara, don haka a sa kaya masu launin ƙasa ko ruwan toka, masu dogon hannu. Sannan kada a tsinki komai a fita da shi, ko da ɗan taura ne.

Tsohon Direba, Kano:

Ɗana, wannan magana ta tsufan itatuwa ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa idan na kai mutum Yankari ya dawo bai ga giwa ba, zai ce kuɗinsa sun tafi a banza, kuma ni zai riƙa yi wa ƙorafi har mu iso Kano. Ku masu ilimi kuna iya jin daɗin kashi, talaka giwa ya biya.

Ma'aikaciyar Jinya, Bauchi:

Baba, har ka sa na yi dariya, amma ina ganin ba ilimin boko ba ne ya sa Inna ta ji daɗin tafiyar, ilimin da kai ma kake da shi ne. Ni ta fuskar aikina zan yi magana. Yawancin dattawan da muke gani da hawan jini da ciwon suga mutane ne da a da suke tafiya mai nisa kullum, sai 'ya'yansu suka girma suka zaunar da su da sunan hutu, daga ɗaki sai tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar rabin awa sau biyar, kuma irin tafiyar da Malam ya bayyana mafari ce mai kyau. Amma idan ka ce wa tsohuwa ta fita motsa jiki za ta ce ka raina ta, idan kuwa ka ce ta zo ta nuna wa jikoki itatuwa, ita za ta riga ka sa mayafi.

Sai dai akwai abin da ba a ambata ba, kuma ya fi damuna a kan giwa. Yankinmu na Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, ba banza ba aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, tana kwanciya a cikin busassun ganye da ƙarƙashin duwatsu, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Kada kowa ya bi irin wannan turba da silifa, kada a bar yara su riƙa ɗaga duwatsu ko zura hannu a ramin suri, kuma a guji fita da almuru. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya, a kwantar da mutum a hana shi motsi a garzaya asibiti. Na faɗi wannan ne domin na ga Malam ya ce Inna ta tsuguna a yashi tare da yaro.

Malamin Sakandare, Gombe:

'Yar uwa, na gode da wannan tunatarwa, kuma gaskiya ne ban yi tunanin maciji ba a ranar. Ɗan rakiyar dai shi ne a gaba koyaushe, yana buga ciyawa da sanda, kuma tun kafin mu tashi ya mayar da 'yata ɗaki ta canza takalmi, a lokacin na ɗauka tsanani ne kawai. Hatsarin da muka gamu da shi na daban ne. Uwargida ta riƙo ledar burodi don yara, muna isowa kusa da matakala sai wani ƙaton gwaggon biri ya diro daga reshe, ya fizge ledar daga hannunta, ya koma gefe ya zauna yana kwance ta da yatsu kamar mutum, yana kallonmu. Ba ta ji rauni ba, amma ta yi salati da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye. Duk wanda ya san Wikki ya san birai ne masu unguwa, kuma leda a hannu gayyata ce.

Hajiya Mai Jikoki, Kaduna:

Malam, tambayata ita ce matakalar nan ta sauka zuwa ruwa. Inna ta iya saukarta? Ina tambaya ne saboda gwiwata. Sannan na ji ana maganar wasu koguna a cikin dutse, shin su ma mai irin shekaruna za ta iya zuwa?

Ɗalibin Ilimin Gandun Daji:

Hajiya, kogunan da kika ji su ne kogunan Marshall, waɗanda aka sa musu sunan Baturen da ya bayyana su a 1980. Ɗakuna ne 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, kowanne da 'yar ƙofa zagayayya wadda sai an rarrafa ake shiga, kuma ana kyautata zaton mafaka ce a zamanin farautar bayi. Suna da 'yan kilomitoci daga sansanin, don haka da mota ake zuwa, sannan a sauka a ƙarasa a ƙafa, kuma akwai ɗan hawa a jikin dutsen. Ba zan kira ta hanya mai sauƙi ga mai ciwon gwiwa ba, amma za ki iya tsayawa daga ƙasa ki hango bakunan kogunan, jikoki su hau tare da ɗan rakiya su dawo su ba ki labari.

Malamin Sakandare, Gombe:

Hajiya, saukar ba ta ba Inna wahala ba, hawowar ce aiki. Ta sauka a hankali tana riƙe da kafaɗata, ta zauna a gefe inda babu masu wanka, ta tsoma ƙafafunta. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani bangon dutse, garau har kana ganin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, shi ya sa da safiyar hunturu za ka ga tururi yana tashi a kansa. Ta yi kusan rabin awa a haka ba ta ce uffan ba, sannan ta ce wannan ya fi ruwan zafin da ake dafa mata a gida. A hawowa mun tsaya sau uku. Shawarata ita ce ki fara da tafiyar a kan tudu tun rana ba ta yi zafi ba, ki bar saukar ta zama ƙarshe, domin idan kin hawo babu abin da za ki so sai kwanciya.

Wasu sun tambaye ni ainihin inda turbar ta faro. Ba zan kwatanta ba, saboda maganar ɗan uwanmu na Alkaleri. Ku tambayi 'yan rakiya idan kun isa, su suka san wace hanya ce take da lafiya a ranar, domin wadda muka bi wataƙila gobe giwaye sun kwana a kanta.

Manomi daga yankin Alkaleri:

Madalla, Malam, haka ya dace. Kuma a riƙa sallamar ɗan rakiya da abin kirki, domin da yawa daga cikinsu 'ya'yan ƙauyukan nan ne, sanin dajin gadonsu ne.

Tsohon Direba, Kano:

To, na ji. Bayan sallah akwai wasu bayin Allah da suka nemi in raka su, a cikinsu akwai yayata wadda ta girme ni da shekara shida, kuma da ma na yi niyyar barinta a ɗaki. Zan gwada abin da kuka ce da safe, amma da yamma mota za mu shiga, giwa kuma sai na gani. Malam, ƙarfe nawa kuka fito, kuma Inna ta karya kafin ku tafi ko sai da kuka dawo?

Malamin Sakandare, Gombe:

Wajen ƙarfe 7 muka fito, Baba, bayan sanyin asuba ya ɗan saki. Ta sha kunu kofi ɗaya a ɗaki, muka riƙe gorar ruwa biyu, sauran karin kumallon kuwa ka ji wanda ya ci shi. Ka sa yaya ta zo da sandarta idan tana da ita, kuma ka ja mata kunne tun daga gida a kan tsinkar 'ya'yan itace, domin Inna sai da ta ɗaure 'ya'yan kirya a bakin zanenta za ta shuka a bayan gida, ɗan rakiya ya yi ta ba ta haƙuri kafin ta kwance su ta zubar a gindin uwarsu.